Fenti da Giyar Inabi: Abin da Na Je Na Gano a Akra

Akwai wata al'ada da ta shigo manyan biranen da muke ajiye 'ya'yanmu karatu, kuma na lura yawancin sa'o'ina ba su taɓa jin labarinta ba, alhali yaranmu sun san ta sarai. Tana nan a Akra, tana nan a Legas da Abuja. Sunan da masu yin ta suka ba ta da Turanci yana nufin ka kurɓa ka zana. Mutum ashirin ko talatin ne za su taru da yamma a gidan abinci ko saman bene, a ba kowa farin ƙyalle da buroshi da fenti, malamin zane ya tsaya a gaba yana nunawa ana bin sa, a gefe kuma ana zuba wa mutane giyar inabi a kofi. Bayan awa biyu kowa ya ɗauki abin da ya zana ya kama gabansa.

Asalin abin daga Amurka yake. Ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da suka yaɗa shi, Painting with a Twist, wasu mata biyu ne suka fara shi a 2007 a garin Mandeville na jihar Luwiziyana, shekara biyu bayan guguwar Katrina ta yi wa yankin ɓarna. Da farko wurin zama ne na maƙwabta don a ɗan rage damuwa. Da aka ga akwai kuɗi a ciki sai ya zama sana'a, aka yi ta buɗe rassa, wasu suka kwaikwaya, har abin ya tsallako teku ya iso mana.

Ni mutumin Lome ne, iyalina suna zangon Agoe, kuma sama da shekara talatin ke nan ina sayar da atamfa a kasuwar Asigame. Autar 'ya'yana mata, wadda duk gida Auta muke ce mata, na kai ta Akra ta koyi Turanci don ta ɗora a kan Faransancin da ta yi a lakwal. Tana zaune wurin ƙanwata a Madina, kusa da Legon. Wata ranar Lahadi ƙawarta ta sa hoto a WhatsApp. Ga Auta da hijabinta, buroshi a hannu, tana dariya, a gabanta kuma kofin gilashi mai doguwar ƙafa cike da jan abu. Kafin azahar ta Litinin hoton ya zaga zangonmu, ya shiga har gidan da suka kawo mana kuɗin gaisuwarta wata huɗu da suka wuce.

Uwarta ba ta ja zance ba. Ta ce, "Alhaji, ka je ka ɗauko min 'yata." Yayana kuma ya aiko cewa dama ya faɗa tun farko, ɗiya mace ba a kai ta wata ƙasa. Na kira Auta a waya, ta ce, "Baba, wallahi zoɓo ne a kofin, sau biyu na je, ban taɓa sa giya a bakina ba." Na san 'yata, na kuma yarda da rantsuwarta. Sai dai zoɓo da jar giyar inabi kamarsu ɗaya a cikin gilashi, kuma ba wanda zai ɗanɗana hoto. Karatunta da maganar aurenta da sunan gidana duk sun taru a cikin kofin nan. Na ce wa Hajiya ta ba ni kwana huɗu, zuwa da kai ya fi aike.

Wanda bai taɓa bin hanyar nan ba, Lome da iyakar Gana a manne suke. Daga tsakiyar gari ɗan acaɓa zai kai ka bakin iyakar Aflao cikin 'yan mintuna, ka taka da ƙafa ka tsallaka. Ka riƙe fasfo ko katin ECOWAS da katin allurar shawara a aljihun gaba, don sau da yawa za a tambaye ka. 'Yan canji suna nan birjik, da yawansu 'yan uwanmu ne, za su mayar maka da sefa sidi. Daga Aflao zuwa Akra kusan kilomita 200 ne, awa uku zuwa huɗu, gwargwadon yawan shingayen da aka tsayar da ku. Za ka bi ta Denu da Akatsi, ka haye kogin Volta a gadar Sogakope inda mata suke kewaye mota da burodi, ka wuce Tema, sannan ka hau babban titin da aka buɗe a 1965 zamanin Kwame Nkrumah. Motarmu ta sauke mu a tashar Tudu.

Sunan Tudu kaɗai ya isa ya gaya maka Bahaushe ya daɗe a garin nan, wanda tsofaffinmu suke kira Ankara. Ga Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, ga Nima da Mamobi inda za ka wuni ba ka buƙaci wani yare ban da Hausa ba. Abincin titi ma namu ne aka ɗan karkata sunansa: wace ita ce shinkafa da wake, koko da ƙosai da safe, tuwon zafi da rana, zoɓo kuma sobolo suke ce masa. A Kanda akwai babban masallacin ƙasa da Turkawa suka taimaka aka gina, aka buɗe shi a 2021, fasalinsa irin na masallatan Istanbul. A nan na yi la'asar kafin na shiga tirotiro zuwa Madina.

Ƙawar da ta sa hoton 'yar wata abokiyar cinikina ce, mace mai shago a kasuwar Makola, ta shekara goma sha biyar tana sarin atamfa a hannuna. Kirista ce mai riƙo da cocinta, ita ma ba ta shan giya, kuma tana jin Hausar kasuwa daidai gwargwado. Washegari da safe na je shagonta. Da ta ji abin da hoton ya jawo sai ta dafe kai ta ce, "Alhaji, kunya ta kama ni. Yaran nan ba su san abin da ake kira sunan gida ba." Na ce, "Madam, ba ƙara na kawo ba. So nake na ga wurin da idona." Nan take ta sa 'yarta ta kira masu shirya abin. Akwai zama a daren Juma'a a Osu.

Kafin na amsa sai da na zauna da limamin masallacin unguwar ƙanwata bayan asuba. Ya ce haramcin giya a fili yake a Suratul Ma'ida, aya ta 90, kuma akwai hadisi a Tirmizi da ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya. Mai sayen ta da mai sayar da ita da mai ɗaukar ta duk sun shiga cikin zargi, mai sha ba shi kaɗai ba ne. Game da zane kuwa ya ce an ruwaito a Buhari da Muslim cewa Ibnu Abbas ya ba wani mai sana'ar zane shawarar ya riƙa zana itatuwa da abubuwan da ba su da rai, saboda haka gini da teku da jirgi ba su da matsala, mai rai ne ake taƙaddama a kai. Ya ce tunda bincike ne ya kawo ni a kan amanar da Allah ya ɗora mini, to kada na zauna teburinsu, kada kuɗina ya sayi kwalba, kuma da an tashi na tashi.

Waɗannan sharuɗɗa na ba 'yar Madam ta isar. Ashe tikiti iri biyu ne, akwai wanda kuɗin giya yake ciki, akwai wanda lemo ko zoɓo ne kawai, sai dai ba sa faɗa sai an tambaya. Kuɗin kujera ɗaya ya kusa kai kuɗin turmin atamfar China mai sauƙi. Suka yarda za su sa mana ƙaramin tebur a baranda, mu huɗu, inda za mu riƙa hango malamin ta ƙofa. Na kuma tambayi abin da za a zana a daren, aka ce hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Jamestown da kwalekwalen masunta.

Akra tana kusa da tsakiyar duniya, don haka rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara. Muka yi magariba, muka isa Osu kafin bakwai. Osu unguwar 'yan ƙabilar Ga ce ta asali, a nan ne tsohuwar ganuwar bakin teku take, wadda mutanen Denmak suka gina, kuma ta kasance fadar gwamnati har zuwa 2013. Babban titin unguwar, da kowa ke kira Oxford Street, shi ne wurin shaƙatawar gari: gidajen abinci, shagunan waya, masu sayar da rigunan kente da tsire a bakin hanya. Muka shiga wani lungu, muka hau bene hawa biyu.

Ɗan kasuwa duk inda ya shiga sai ya ƙirga. Mutum ashirin da shida na ƙirga, maza biyar kawai har da ni. Yawancinsu ma'aikatan ofis ne da shekarunsu ba su wuce talatin da biyar ba, sai wasu Turawa uku 'yan yawon buɗe ido, da wasu baƙaƙen fatar Amurka mata biyu. Akwai wasu shida da suka zo bikin ranar haihuwar ɗayarsu. Dogayen tebura biyu a ciki, an shimfiɗa musu takarda, kiɗa yana tashi a hankali. A gaban kowa akwai ƙyalle mai kauri da aka ɗame a kan katako, an jingina shi a ɗan maƙalli mai ƙafa uku, da buroshi uku, babba da matsakaici da siriri, da farantin takarda mai ɗigon fenti biyar: ja, ruwan ɗorawa, shuɗi, fari da baƙi. Aka ba kowa rigar kare tufafi. Tawa ba ta rufe rabin babbar rigata ba, Madam ta yi ta dariya har da hawaye.

Malamin saurayi ne mai natsuwa, ya ce a jami'ar Kumasi ya yi karatun zane. Da ya ga furfurata ya taso har baranda ya gaishe ni da hannu biyu, ya ce, "Dadi, sannu da zuwa." Turancinsa ya fi ƙarfin na kasuwa da nake ji, Auta ce take fassara min. Ya ce fentin irin wanda ake kira akirilik ne, da ruwa ake sirka shi, yana bushewa cikin mintuna, kuma idan ya bushe a tufa ruwa ba ya fitar da shi. Ya ce launinsa yana ɗan ƙara duhu in ya bushe, don haka a haɗa shi ya fi abin da ake so haske kaɗan. Ƙa'idarsa guda biyu ce: a fara da abin da ya fi nisa a ƙare da na kusa, a fara da babban buroshi a ƙare da siriri.

Da sama muka fara. Shuɗi mai duhu a can ƙoli, ana sassauta shi da fari ana gangarowa, har a iso inda rana take faɗuwa, a nan a haɗa ja da ruwan ɗorawa su ba da ruwan goro. Sai layin da sama ta haɗu da teku, wanda ya ce a ɗora gefen kwali a ja shi don ya miƙe. Sai teku, ana jan buroshi a kwance. Aka dakata ya bushe, wasu suna hura masa na'urar busar da gashi. Ni a makarantar allo na koyi riƙe alƙalami, kusa da baki muke kama shi, hannu a dafe. Malamin ya zo ya matsar min da yatsu can baya, ya ce na bar kafaɗa ta yi aikin. Rabona da na zauna gaban wani yana koya min riƙon abin rubutu tun ina ɗan shekara shida. Da ya ga ruwan goron da na haɗa ya tambayi Auta inda na koya. Na ce ta gaya masa shekara talatin na yi ina daidaita wa mata zane da ɗankwali.

A awa ta farko wurin shiru yake kamar ɗakin jarrabawa, kowa ya duƙufa. Abin dariya ɗaya ya faru: kofin wanke buroshi da kofin sha suna gefe ɗaya, wata mata ta tsoma buroshinta cikin giyarta, teburinsu ya kaure da shewa. Malamin ya ce da wuya a yi zama ba a samu mai yin haka ba. Amma na sa ido a kan mai hidima. Tikiti kofi ɗaya ko biyu ya ƙunsa, bayan nan saye ake yi, kuma yaron bai zauna ba, da kofi ya yi ƙasa sai ga shi da kwalba. Ya nufo teburinmu sau ɗaya, Madam ta ɗaga masa hannu tun daga nesa ya juya. Da na kwatanta kuɗin ƙyalle da fenti da abin da na ga ana buɗewa na kwalabe, lissafina ya ba ni cewa mai gidan a kan sha yake cin ribarsa, zanen hanyar tara masa mutane ce.

A awa ta biyu murya ta fara tashi. Ban ga wanda ya yi tangaɗi ba, ban ji ashar ba, gaskiya ɗaya ce. Sai dai kunya ta ragu, waɗanda ɗazu ba su san juna ba sun fara dafa kafaɗa, ana ta ɗaukar hoto, kuma kyamara ba ta tambayar wanda ya shiga ciki. Wani saurayi ya fito baranda da kofinsa a hannu, ya tsaya kan Auta yana yaba zanenta, ya ciro waya yana neman lambarta. Ta nuna ni ta ce, "Ga babana nan, tambaye shi." Ya dube ni, ya rusuna, ya koma ciki da baya da baya. Ta burge ni, amma na tambayi kaina yadda zancen zai kasance a daren da ba na nan, ƙarfe tara da rabi, da tafiyar Madina a gabanta.

Abin da ban zo da shirin gani ba shi ne hannun yarinyar. Da aka zo kan hasumiyar, fara mai jan ɗamara, da kwalekwalen, malamin ya ƙara masunta biyu da tsuntsaye a nasa. Ni da Auta muka bar namu babu su. Madam ta leƙa nawa ta ce, "Alhaji, kai duk abin da ka zana sai ya zama hasumiyar masallaci." Auta kuwa ta daina kallon malamin gaba ɗaya. Ta ɗauki siririn buroshi ta shiga yi wa jikin kwalekwalenta ado, ganye da zobe da layi mai maimaita kansa, irin wanda za ka gani a bakin atamfa mai tsada, kuma ba kwaikwayon wadda na sani ba ne, don da na gane ta. Mutane suka taso daga ciki suna leƙe. Na tuna tun tana ƙarama take zane a kwalayen da muke ciro kaya, uwarta tana faɗan tana ɓata biro. A cikin harshenmu zanen ɗaurawa da zanen hannu rubutunsu ɗaya. Duk turmin da na taɓa sayarwa, na Vlisco daga Holan, na GTP daga Tema, na ATL daga Akosombo, na Uniwax daga Abijan, sai da wani ya zauna ya zana shi a takarda kafin inji ya buga, kuma ana biyan sa albashi a kan haka.

A cikin tasi na yi mata magana. Na ce, "Auta, na gani. Ban ga abin kunya a tare da ke ba, kuma haka zan gaya wa kowa. Amma wurin nan kin gama zuwa." Ta yi shiru har muka wuce mahaɗar hanyoyi ta Tetteh Quarshie, sannan ta ce, "To Baba, zanen fa?" Na ce, "Zane yanzu kika fara." Ba ta ce komai ba, sai na ji tana share hanci a duhu.

Ranar Asabar na ce ta kai ni na ga hasumiyar da muka zana. Tana Jamestown, tsohuwar unguwar bakin teku. An fara gina ta a 1871, wadda take tsaye yanzu kuma a shekarun 1930 aka yi ta, tsayinta kusan mita 28. Kusa da ita akwai ganuwar James da Ingilishi suka gina a 1673, da ta Ussher ta mutanen Holan tun 1649, duk wuraren da aka tsare bayi, daga baya suka zama kurkuku. A ƙasa ga kwalekwale ɗaruruwa, kowanne an sassaƙa gindinsa daga itace guda, an yi masa fenti kala-kala da tuta da rubutu. Masuntan Ga ba sa fita teku ranar Talata, don haka mai son ganin hada-hadar kifi kada ya zo a ranar. A titunan unguwar nan ne aka fara bikin zane-zanen titi na Chale Wote a 2011.

Daga nan ta kai ni gidan baje kolin zane na Artists Alliance a bakin tekun La, wanda Farfesa Ablade Glover ya kafa. An haifi dattijon a 1934, ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Kumasi, kuma abin da ya fi zanawa shi ne kasuwa da tasha. In ka matsa kusa taɓon fenti kawai za ka gani, in ka ja da baya sai ka ga Makola da cinkosonta. A nan Auta ta yi ta ba ni labarin mutanen da sana'ar nan ta ɗaukaka. Amoako Boafo, ɗan Akra mai zane da yatsu, an yi gwanjon wani aikinsa a Landan a Fabrairun 2020 a kan fam 675,000. El Anatsui, ɗan Gana da ya yi shekaru yana koyarwa a jami'ar Nsukka, murafen kwalaben barasa da aka yar yake haɗawa da wayar tagulla su zama kamar ƙaton mayafi. Wanda ya fi ba ni mamaki Ibrahim Mahama ne, ɗan Tamale haifaffen 1987, ba attajirin nan ƙanin shugaban ƙasa mai irin sunansa ba. Shi tsofaffin buhunan koko da suka koma na gawayi da hatsi yake karɓa a hannun 'yan kasuwa, a ɗinke su a lulluɓe manyan gine-gine, har Benis ta Italiya an nuna aikinsa a 2015, kuma a 2019 ya buɗe cibiyar zane a Tamale. Buhun da muke jefarwa bayan shago ke nan.

Kafin na bar Akra na kira malamin zanen na tambaye shi ko dole sai da giya. Ya ce ko kusa, yana zuwa makarantu da coci-coci da ofisoshi da bikin yara, kuma ba tare da hayar bene da kwalba ba kuɗin yana raguwa sosai. Ya haɗa mu da wata abokiyar karatunsa mace. Ƙanwata ta ba da tsakar gidanta. Yanzu duk Asabar biyu, bayan la'asar, 'yan mata suna zama a kan tabarma a Madina suna zane, ana zagayawa da zoɓo da ƙosai a kofin roba, gwaggonsu tana zaune a gefe tana tsince shinkafa. Da bakwai aka fara, 'yar Madam tana ciki, zancen da nake yi sun kai goma sha biyar. Na saya wa Auta kayan aikinta, kuma muna bincike a kan sashen zanen tufafi na jami'ar Kumasi.

Da na koma Lome na ɗauki zanena da hoton da aka yi min a barandar, ni da babbar riga da kofin zoɓo a gabana, na je gidan masu neman auren. Na zayyana wa kawun yaron duk abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi, da hukuncin da na yanke. Ya juya zanen sama da ƙasa, ya yi dariya, ya ce magana ta wuce. Hajiya ta sauko, ko da yake ta ce kowane dare sai Auta ta kira ta daga ɗakin gwaggonta. Yayana har yau yana kan bakansa cewa bai kamata na taka benen nan ba ko da a baranda ne, kuma akwai malamai da za su goya masa baya. Ina girmama ra'ayinsa, shi ya sa ban ce kowa ya je ba.

Ga masu yara a birane, ga abin da zan bar muku. Ku tambaye su inda suke zuwa ranar Juma'a da Asabar da dare, ku tambaya cikin sakin fuska don su faɗa muku gaskiya. In an gayyace ku irin wannan zama, ko ku ko su, a tambaya tun kafin a biya ko kuɗin giya yana cikin tikiti, da kuma abin da za a zana. Idan aka miƙo kwalba aka ce ba ta sa maye, a karanta jikinta. Giyar inabi ta sosai yawanci kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari ne barasarta, wadda aka ce an cire mata barasa tana iya rage har kashi 0.5, ruwan inabi mai gas kuma daban yake, ba a taɓa tsima shi ba. A ja wa yara kunne kan hoto, kada su yarda a ɗauke su da doguwar kofi a gaba ko da ruwa ne a ciki. Wanda kuma ya ga ɗansa ko 'yarsa da hannun zane, ya tuna zayyanar allon sauka da adon bangon gidajen Zariya da Damagaram da aikin dukawa duk namu ne tun kaka da kakanni. Ya nema masa malami da rana, a wurin da zai iya shiga ya zauna ba tare da ya ɓoye fuska ba.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa.